Injin zarton da na ƙera ya kunyata ni gaban surukata

Wallahi YouTube ce ta jawo min. Wani dare ina kwance na ci karo da bidiyon wasu dattawa a Amurka sun tada tsohon injin tsaga katako mai aiki da tururi, irin na ƙarni na 19, ana cusa masa itace yana huci kamar bijimi, bel na jan wani ƙaton zarto yana tsaga gungume kamar ana yanka alawa. Na ce haba, wannan ai tukunya ce da wuta da fistin, zan yi ƙaraminsa kashi 1 cikin 12. Ni fa malamin lissafi ne a sakandare, ku riƙe wannan, za ku ji amfaninsa anjima.

Asabar na shiga Panteka na sayo bututun tagulla da boris guda biyu. Tukunyar tururin gwangwanin madarar gari ce, zarton kuma murfin gwangwanin tumatir, kwana uku ina fitar masa da haƙora da magagari har yatsuna suka yi kanta. Silinda ta farko sirinji na saka don tsabar wayo, tururi na shiga ta lanƙwashe kamar taliyar da ta wuce dahuwa. Sai na koma tagulla, na yi irin wadda silindar ke rangaji da kanta, in ta karkata nan ramin shigar tururi ya buɗe, in ta koma can na fita ya buɗe, babu ruwanka da wani bawul. Mai waldar unguwarmu ya juya tukunyar a hannu ya ce "Malam da dalma ka like wannan? To kar ka yarda ruwa ya ƙare a ciki." Na ce Oga na sani. Ai kuwa na sani, dalmar liƙi tana narkewa a wajen digiri 183, ruwan ciki ne kawai ke hana ta kaiwa can.

Ranar gwaji abin ya tashi fa! Cak cak cak cak, zarto na juyawa har ba a ganin haƙoran, yara na tsalle suna Abba ya yi jirgin ƙasa. Aka yi sa'a ko rashin sa'a surukata ta zo ganin jikoki, na shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida na ce Hajiya bismillah ki ga fasaha. Na ɗauko tsinken tsire a matsayin gungume na kara wa zarton. Ɗif. Ya tsaya. Na janye ya ci gaba da gudunsa, na mayar ya sake tsayawa, kamar ɗan aikin da sai an ba shi aiki ciwon baya ke tashi.

A nan lissafin da nake koya wa 'ya'yan mutane ya dawo min. In ka rage komai sau 12, fuskar fistin ta ragu sau 144, cikin silinda kuwa 12 sau 12 sau 12, wato sau 1,728. Amma itace ba a rage masa tauri ba ko kaɗan, tsinke ne dai amma itace ne ɗan itace.

Maimakon na haƙura sai girman kai ya ce toshe ramin da ka bari na rage iska, ƙarfi zai ƙaru. Na toshe shi da tsinken da ya gagara, na ƙara lagwanin risho. Ruwa in ya zama tururi yana neman wuri kusan ninki 1,700, ni kuma na hana shi ƙofa, ga ruwan ma ya kusa ƙarewa ban duba ba. Sai ji muka yi FUM! Murfi ya yi sama ya sauka kan kwanon maƙwabta, kaji suka watse, Hajiya kuwa da ke cewa gwiwa ta hana ta sallah a tsaye sai gata a ƙofar ɗaki, takalmi ɗaya a hannu. Allah ya kiyaye babu wanda ya ƙone sai girata ta hagu.

Da ta gama salati ta kalli uwargida, ba ni ba, ta ce "Dama shayi yake son dafawa ba ku da buta ne?"