Kanawa, in kun je Jos ku daina ƙarewa a falo

Duk shekara da zarar Afrilu ya kama, zafin Kano ya haura digiri 40, fanka ta koma hura wuta, sai ka ji mutum yana cewa bari ya leƙa Jos ya sha iska kwana biyu. Madalla. Amma in ya dawo ka tambaye shi me ya gani. Falon ɗan'uwansa ya gani, sai teburin mai shayi kusa da Masallacin Juma'a, sai hirar farashin kayan da ya baro a Kwari da Singa. Mutum ya bi ta Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Saminaka, duk don ya sauya kujerar zama. Ni ma na yi shekaru a wannan sahu, shi ya sa nake da bakin magana.

A ganina ba rashin kuɗi ke hana mu fita ba. Mun riga mun sa wa ranmu cewa yawon buɗe ido sai Dubai ko Masar, sai biza, sai an sayar da fili. Kallon dutse da ruwa kuwa aikin Turawa ne da marasa abin yi. Ranar da na ce wa kawuna zan je hawan dutse, kallona ya yi sama da ƙasa ya ce, "Kai ɗan nan, Dala da Goron Dutse sun yi ƙaura ne?" Na ce, "Allah ya huci zuciyarka Kawu, Dala ta fi duwatsun Jos tarihi, amma wajen tsayi jikarsu ce."

Ba ƙarya na yi masa ba. Garin Jos kansa yana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200, sanyin da muke bi ke nan. Duwatsun Shere da ke gabas da gari kuma ƙololuwarsu ta haura mita 1,800. Ka karya kumallo ka fita, la'asar a gida za ka yi ta. Mu huɗu muka je, ɗayanmu ya ci ado da shadda mai sitaci da takalmi sau-ciki kamar mai zuwa ɗaurin aure. Tun ba a yi nisa ba ya tuɓe takalman ya riƙe a hannu, iska ta cika masa riga kamar buhu, ta fizge hular ta jefa cikin wani tsagi. Wani yaro ɗan yankin da muka ɗauka ya nuna mana hanya shi ya zura hannu ya ciro ta, yana ta ƙunshe dariya. Da muka kai wani faffaɗan falalen dutse muka zauna, ga gari can ƙasa, rufin kwano na ta walƙiya, ba ƙarar janareto, ba hon ɗin Adaidaita. Mai shaddar da ya wuni yana mita, shi ne ya ce a ƙara minti goma.

Washegari sai hanyar Akwanga. A kan hanyar za ka ga duwatsun Riyom, manya-manya a ɗore bisa juna kamar wani ne ya jera su da hannu, ka rantse in ka tura da yatsa za su gangaro. Wannan kallon kyauta ne. Gaba kuma, wajajen Hawan Kibo, akwai magangarar ruwa ta Assop, kimanin kilomita 60 daga gari. Tun kafin ka ga ruwan za ka ji rugugin saukarsa, feshinsa yana taɓa maka fuska. Da damina ya fi ƙarfi, kuma duwatsun santsi gare su, don haka a riƙe yara gam. Haka ma tafkunan da haƙar kuza ta bari a kewayen gari, irin na Rayfield: kyau gare su a hoto, amma rami ne mai zurfi, ba kududdufin unguwa ba.

Wurin da ya fi taɓa ni a cikin gari yake. Gidan tarihin Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, nan ake ajiye da sassaƙen yumɓun Nok da suka haura shekara 2,000. Kusa da shi akwai filin da aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya, har da masallacin Zariya da Babban Gwani ya gina, har da ganuwar Kano. Na tsaya gaban ganuwarmu a garin mutane, kunya ta kama ni, don ta gida kullum ina wuce ta, shaguna da bola suna cinye ta, ban taɓa tsayawa na dube ta ba.

Batun kuɗi kuwa, mai ne kawai zai ɗan taɓa aljihu. Ku haɗu ku huɗu ku yi shatar mota, a cika kula da dafa-duka, a ɗauki fulas ɗin shayi da tabarma da buta. Kuɗin shiga wuraren duka bai kai abin da muke kashewa a tsire da lemo a daren Juma'a ɗaya a Zoo Road ba.

Sai dai kada zumuɗi ya rufe ido. Wasu sassan Riyom da Barikin Ladi sun sha fama da rikici. Ka tambayi mai masaukinka halin da hanya ke ciki a ranar, in ya ce a haƙura to a haƙura. A fita da hantsi, magariba ta same ku a gida. Dutsen Wase kuma ku bar shi sai wani zuwan, nisansa ya fi ƙarfin je-ka-dawo.

Da na dawo na kai wa Kawu tsarabar dankalin Turawa da kabeji daga kasuwar Farin Gada, na nuna masa hotunan Assop a waya. Ya daɗe yana matso da wayar kusa da ido, sannan ya ce in za mu koma a tanadar masa kujerar gaba, amma kowa ya sani shi ba zai hau komai ba.