Dutsen Zagami da Rabonmu a Neman Rai a Wata Duniya

Duk lokacin da labari ya fito cewa masana sun hango alamar rai a wata duniya, abin da za ka ji a Abuja, daga teburin mai shayi har ofisoshin Sakatariya, shi ne Turawa sun ƙoshi, shi ya sa suke neman abin da ba su ajiye ba. Ba na ganin laifin mai faɗar haka, musamman wanda ya kwana babu wuta ya tashi yana lissafin kuɗin mota daga Nyanya. Amma ban yarda cewa wannan bincike ba namu ba ne.

Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo daga sama a wata gona kusa da Zagami, a ƙasar Katsina. Sai daga baya aka gano ɓallin duniyar Mars ne. Wani gagarumin karo ne ya fizge shi daga can, ya yi miliyoyin shekaru yana yawo a sararin samaniya kafin Allah ya sauke shi a wurinmu. Da aka auna 'yar iskar da ta maƙale a cikinsa, sai ta zo daidai da iskar Mars da kumbunan Viking na Amurka suka auna a 1976. Dutsen ba ya ɗauke da alamar rai, amma da irinsa ne masana ke karanta tarihin Mars suna zaune a ɗakin gwaji.

Abin da ake nema ma ba dodanni masu jirgi ba ne kamar na fim. Ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, ko sawun da suka bari. Tun 2021 motar bincike ta Perseverance ke tona duwatsu a kwarin Jezero da ke duniyar Mars, inda tafki ya taɓa kwanciya. A Satumban 2025 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ce wasu ɗigo-ɗigo a jikin wani dutse na can suna iya zama aikin irin waɗannan halittu, ta kuma ƙara da cewa ba a tabbatar ba. Haka ma masana na Jami'ar Kambirij, da suka yi amfani da madubin hangen nesa na James Webb, sun ce a K2-18b, wata duniya mai nisa da ke zagaya wani tauraro daban, sun ga alamar wata iska wadda a nan duniyarmu halittun teku ne ke fitar da ita. Nan take wasu masanan suka sake duba alƙaluman suka ce hujjar ba ta isa ba. Wannan taka-tsantsan yana burge ni ƙwarai. An koyi darasi tun 1996, lokacin da aka yi ta shelar an ga burbushin rai a wani dutsen Mars da aka tsinta a Antatika, daga baya yawancin masana suka ƙi gamsuwa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne makomar duwatsun. An yanyanka babban kaso na dutsen Zagami, yana hannun 'yan kasuwa da gidajen tarihi na ƙetare. A Yulin 2025, a birnin New York, aka yi gwanjon wani dutsen Mars da aka tsinta a yankin Agadas kan sama da dala miliyan 5, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar. Ɗalibin kimiyyar ƙasa a Jami'ar Abuja zai fi sauƙin ganin hoton dutsen Katsina a intanet da ya riƙe shi a hannu.

Ba cewa nake mu harba kumbo zuwa Mars ba. Muna da hukumar binciken sararin samaniya tun 1999, ga hedikwatarta nan a hanyar filin jirgi, muna da hukumar binciken ma'adinai. Su haɗa kai da Majalisa a yi doka bayyananniya: duk dutsen da ya faɗo a yi masa rajista, a biya manomi ko makiyayin da ya tsince shi kuɗi na mutunci don kada dillali ya riga gwamnati, a kuma bar kaso a gida. Sannan a ware ɗaki guda a Abuja inda 'yan makaranta za su zo su gani, malami ya yi musu bayani da harshen da suke ji.