Yajin Aikin Jirgin Ƙasa Ranar Wasa, Haba!

Wai dole sai ranar Asabar ma'aikatan jirgin ƙasa a Ingila za su tafi yajin aiki? Haƙƙinsu suke nema, ban musa ba. Amma a 2022 da 2023, da ƙungiyoyin ma'aikatan, wato RMT da Aslef, suka yi ta yajin, masoya ƙwallo sun ji a jikinsu. Mutum yana zaune a Landan, ya biya tikitin kaka guda a Old Trafford, filin wasan Manchester United da ke birnin Manchester, tafiyar awa biyu da 'yan mintuna daga tashar Euston ta koma kusan awa biyar a mota, ga cunkoso, ga kuɗin mai. In ya haƙura ya zauna gida ma bai tsira ba, domin wasan ƙarfe uku na ranar Asabar ba a nuna shi kai tsaye a talabijin a Birtaniya.