Magani Yana Kan Kanta, Mutane Suna Mutuwa

Tun farkon shekarun 2000 masana a ɗakin gwaje-gwajen gwamnatin Kanada da ke Winnipeg suka haɗa allurar rigakafin Ebola. A 2005 aka wallafa sakamakon gwajinta a kan birai, ta kare su sarai. Daga nan sai shiru. Kusan shekara goma allurar tana ajiye ba a gwada ta a jikin ɗan Adam ba, don babu wanda ya ɗauki nauyin kuɗin gwajin. Sai da annoba ta ɓarke a Gini, Laberiya da Saliyo a 2014, ta lashe rayuka sama da 11,000, sannan aka tashi a guje ana neman kuɗi. Gwajin da aka yi a Gini a 2015 ya nuna allurar tana aiki. Tana aiki tun can da ma. Ilimi bai gaza ba, masana ba su yi lalaci ba. Kuɗi ne aka hana, kuma mutane suka biya da rayukansu.

Wannan shi ne abin da ke ƙona wa duk wanda ya san aikin binciken lafiya rai. Gwamnatoci sun ɗauki bincike a matsayin kayan ado, abin da ake tunawa da shi in an sami rara, a fara zaftare shi in aljihu ya yi zafi. In ka yi magana a ce maka kamfanonin magani za su yi. Ba za su yi ba, kuma kowa ya san dalili.

Kamfani yana da masu hannun jari da yake ba wa amsa. Kafin magani ya fito sai ya bi matakai uku a jikin mutane: na farko a kan 'yan gommai don a ga ko yana cutarwa, na biyu a kan ɗaruruwa don a gano awon da ya dace, na uku a kan dubbai don a tabbatar yana warkarwa. Kusan tara cikin goma na magungunan da suka shiga wannan hanya ba sa kaiwa ƙarshe. Wanda zai zuba dukiyarsa a kasada irin wannan dole ya duba wa zai saya in an dace. In masu cutar talakawa ne, ya ja da baya. In maganin na kwana bakwai ne a warke, ya ja da baya. In tsohon magani ne da wa'adin haƙƙin mallakarsa ya ƙare, kowa na iya haɗawa, ko kallo ba zai yi ba. Lissafin kasuwa ke nan, ba a ɓoye yake ba. Abin tambaya shi ne gwamnati, wadda ke karɓar haraji da sunan kare rayukan jama'a, mene ne nata uzurin?

A dubi magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Ƙwayoyin suna ta bijire wa magungunan da ake da su, har an ƙiyasta cewa wannan bijirewar kai tsaye ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019 kaɗai. Sabon magani irin wannan, likitan kirki ɓoye shi yake yi, ba ya rubuta shi sai an rasa yadda za a yi, don kada ƙwayoyin su saba da shi. Daidai ne a likitance, amma ma'anarsa ba a ciniki. Kamfanin Achaogen na Amurka ya sami amincewar hukuma a kan sabon maganinsa a 2018, a 2019 ya durƙushe. Ya yi nasara a kimiyya, kasuwa ta kashe shi. Wane mai jari ne zai ga haka ya sake shiga?

Saran maciji fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe tsakanin mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara, ban da waɗanda ake yanke wa hannu ko ƙafa. Har yau hanyar haɗa maganin dafi ita ce ta fiye da shekara ɗari da suka wuce: a tatsi dafi, a yi wa doki allurarsa kaɗan-kaɗan, a ɗebi jininsa, a tace. Kamfanin Sanofi ya daina haɗa Fav-Afrique, ɗaya daga cikin magungunan da suka fi dacewa da macizan Afirka, a 2014, ragowar da ke hannu ta lalace a 2016. Manomi da makiyayi ne maciji ke sara, ba su da muryar da za ta kai zauren majalisa, shi ya sa aka yi ko oho.

Na tarin fuka ya fi ciwo. Allurar BCG da ake yi wa jarirai tun 1921 ake amfani da ita, kuma ba ta kare manya daga tarin huhu yadda ya kamata. Cutar tana kashe sama da mutum miliyan ɗaya duk shekara. An sami sabuwar allura mai suna M72 da gwajin mataki na biyu ya nuna tana rage kamuwa da ciwon da kusan rabi, sakamakon ƙarshe ya fito a 2019. Mataki na uku bai fara ba sai 2024, kuma kuɗinsa, kimanin dala miliyan 550, daga gidauniyoyi biyu masu zaman kansu ya fito, Gates da Wellcome. Gwamnatocin duniya kaf, da suka taru a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 suka yi alkawarin dala biliyan 2 a shekara don binciken tarin fuka, kusan rabin haka kawai aka riƙa samu. A 2023 suka sake zama suka ɗaga alkawarin zuwa biliyan 5. Ba su cika ƙaramin ba, sun yi babba. Wannan raini ne ga masu tari da jini a gadon asibiti.

Masu cewa bincike asarar kuɗi ne, su duba abin da kuɗin jama'a ya haifar in an sake shi. A 2020 gwajin RECOVERY a Birtaniya, da kuɗin gwamnati, ya gano cewa dexamethasone, tsohon magani mai arha da ke kowane asibiti, yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga masu korona da ke kan na'urar numfashi. Babu kamfanin da zai biya a gwada shi, don babu ribar da zai ci. Gwajin WOMAN da aka wallafa a 2017, wanda ya haɗa mata 20,000 a ƙasashe 21, ya nuna allurar tranexamic acid tana rage mutuwa daga zubar jini bayan haihuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku in an yi ta cikin awa uku. Ga kuma gwajin FEAST na 2011 a Yuganda, Kenya da Tanzaniya, wanda ya girgiza likitoci: ƙarin ruwa da sauri ga yaran da zazzaɓi mai tsanani ya galabaita, abin da aka daɗe ana koyarwa a matsayin ceto, ashe ƙara yawan mutuwa yake yi. Wa zai ba da kuɗi a gano cewa abin da ake yi kuskure ne in ba hukuma ba? Babu abin sayarwa a cikin wannan amsa, rayukan yara ne kawai. Hatta magungunan da kamfanoni ke alfahari da su, tushensu kuɗin jama'a ne: wani nazari na 2018 ya gano cewa dukkan sababbin magunguna 210 da Amurka ta amince da su daga 2010 zuwa 2016 sun dogara da binciken da cibiyar lafiya ta gwamnatin ƙasar, NIH, ta biya.

Alkawura kam an yi su har an gaji. A 1990 wani kwamitin ƙasa da ƙasa kan binciken lafiya ya ba da shawarar kowace ƙasa ta ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na kuɗin da take kashewa a lafiya don bincike. A 2008 ministoci suka taru a Bamako suka sake sa hannu a kan wannan adadi. Shugabannin Afirka sun yi alkawarin kashi 15 na kasafin kuɗi ga lafiya a Abuja a 2001, ƙasashen da suka taɓa kaiwa 'yan tsiraru ne. In uwar kasafin ba ta cika ba, kashi 2 na me za a cire?

Amma ƙarancin kuɗin rabin matsalar ne. Yadda ake sakinsa shi ne ke kashe aikin a zahiri, kuma nan ne masu rubuta kasafi suka fi nuna ba su san abin da suke yi ba. Suna ɗauka bincike abu ne da za a dakatar a ci gaba in kuɗi ya zo. Ba haka yake ba. Ginin ƙasa ne da aka bari babu rufi damina ta same shi: in ka dawo ba daga inda ka tsaya za ka ɗora ba.

Ɗauki samfurin jini. Ana ajiye shi a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, wadda ba ta hutawa dare da rana. Tana buƙatar wuta marar yankewa, janareton ko-ta-kwana da mansa, ɗaki mai na'urar sanyaya iska don injinta yana fitar da zafi, da ƙararrawar da za ta tashi wani in sanyin ya fara raguwa da tsakar dare. In wuta ta ɗauke aka rasa mai, cikin awoyi sanyin yake zubewa. Samfurin da ya narke aka sake daskarar da shi, wasu sinadaran cikinsa sun riga sun lalace, awon da za a yi a kansa ba abin dogaro ba ne. Jinin yara dubu da aka tara cikin shekara biyar, kowace kwalba da sunan uwar da ta amince aka soki ɗanta, yana iya tafiya a dare ɗaya saboda an riƙe kuɗin mai a wani ofishi ana jiran sa hannu. Sinadaran gwaji su ma suna da ranar lalacewa, wasu 'yan watanni ne, kuma a sanyi ake jigilarsu. In kuɗin sayensu ya fito amma na ɗaukar ma'aikata bai fito ba, a kan kanta za su mutu.

Mutanen ma haka. Nas ɗin bincike ba a samunta a rana ɗaya. Sai an koya mata yadda ake neman amincewar majinyaci ba tare da tursasawa ba, yadda ake cike takardar bayanai babu gogewa, yadda ake kai rahoton mummunar illa cikin awa 24. Wata uku ba albashi, ta tafi, kuma ba ta da laifi. In ta tafi, iyalan da suka saba da fuskarta sun daina zuwa. Gwajin da ya rasa kashi ɗaya cikin biyar na mutanensa a hanya, masana sun fara shakkar sakamakonsa, don ba a san ko waɗanda suka ɓace warkewa suka yi ko mutuwa ba.

Sai batun yawan mutane, wanda lissafi ne tsagwaronsa, ba ya jin lallashi. In ana so a tabbatar wani magani yana rage mutuwa daga goma cikin ɗari zuwa takwas cikin ɗari, ana buƙatar fiye da mutum 3,000 a kowane ɓangare na gwajin, waɗanda aka ba maganin da waɗanda ba a ba ba, wato sama da 6,000 gaba ɗaya. In aka ba mai bincike kuɗin mutum 600 aka ce ya yi maneji, ba kashi ɗaya cikin goma na amsa zai kawo ba. Ba zai kawo komai ba. An kashe kuɗin, an sa marasa lafiya cikin kasada, tambayar tana nan inda take. Wannan ita ce ɓarnar gaske, kuma rowa ce ta haife ta. Ƙara da dokar da ta ce duk kuɗin da ba a kashe ba a ƙarshen shekara ya koma baitulmali: a saki kuɗi a wata na goma, a ce a kashe kafin na goma sha biyu, alhali izinin kwamitin ɗa'a mai kare haƙƙin waɗanda ake gwaji a jikinsu da na hukumar kula da magunguna kaɗai yana iya cin watanni. Me zai fito? Sayen kwamfutoci da taron bita.

Inda gwamnati ta janye hannu, masu tallafi daga waje ne ke cike gurbin, kuma an gode musu. Sai dai mai biya shi ke zaɓar tambaya. Cutar da ke cika gadajen asibiti a wata ƙasa tana iya zama ba ta cikin jerin abin da mai tallafi ya sa a gaba a bana. Tallafin kuma ba ya ɗaukar nauyin gini da wuta da gyaran na'ura yadda ya kamata: NIH, alal misali, kashi 8 cikin ɗari kawai take ƙara wa cibiyoyin ƙasashen waje don irin waɗannan hidimomi, abin da bai kusa isa ba. Kuma ana iya rufe famfon a kowane lokaci. A farkon 2025, da gwamnatin Amurka ta ba da umarnin dakatar da ayyukan hukumarta ta agajin ƙasashen waje, USAID, gwaje-gwaje da dama suka tsaya cak, aka bar mutanen da suka ba da jikinsu a tsakiyar gwaji babu mai bibiyar lafiyarsu. Ƙasar da ta miƙa binciken lafiyar 'ya'yanta ga zaɓen wata ƙasa, ita ta jawo wa kanta.

Abin da ake nema ba shi da wuyar fahimta. A sa kashi 2 ɗin nan a doka, ba a takardar bayan taro ba. A zuba shi a asusun da ba ya komawa baitulmali in shekara ta ƙare, a riƙa ba da tallafin shekara uku zuwa biyar da kuɗin wuta, gyaran na'ura da albashi a ciki tun daga farko. Masana ne za su tantance wanda ya cancanta ta hanyar gasa a fili, ba wanda ya san minista ba. Masu bincike su ma akwai nasu: duk gwajin da aka yi da kuɗin jama'a a yi masa rajista kafin a fara, a wallafa sakamakonsa ko da ya nuna maganin ba ya aiki, don ɓoye irin wannan sakamako yana sa wasu su maimaita kuskuren a jikin wasu marasa lafiya. In kuma kuɗin haraji ya haifar da magani, a rubuta sharaɗin farashi a yarjejeniyar kafin a miƙa wa kamfani, kada jama'a su biya sau biyu.

Ku 'yan majalisa da ke zaman kare kasafi, ku daina tambayar nawa aka ware wa bincike. Ku tambayi nawa aka saki, a wane wata aka sake shi, nawa ya koma baitulmali, da gwaji nawa ne suka tsaya a bara don rashin kuɗi. Ku sa minista ya kawo amsar a rubuce, da sunan kowane gwaji da yawan mutanen da aka bari a cikinsa.