Matse Bayanai: Abin da Sabuntawa Ta Kashe, a Bar Shi a Kashe

Akwai wata ɗabi'a a wajen wasu matasan da ke kula da sabar (kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet) makarantu da 'yan kasuwa a Bauchi da Gombe. Da zarar an sabunta manhajar tsaro, sai su ɗauko tsohon fayil ɗin saiti su ɗora, gudun kada aiki ya tsaya. Wasu ma da gangan suke dawo da matse bayanai (wato rage girman saƙo kafin a tura shi) bayan sabuntawar ta kashe shi, wai data ta yi tsada, kuma netwok ɗin Dass ko Billiri ba irin na cikin gari ba ne. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, amma ban yarda da ita ba.

A 2012 ne masu binciken tsaro Juliano Rizzo da Thai Duong suka nuna harin CRIME, wanda ke bi ta matsewa ya saci sirri. Sirrantawa tana ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa, ba ta ɓoye tsawonsa. Ita kuwa matsewa da maimaici take aiki: duk abin da ya zo sau biyu sai ta taƙaita shi. Sai maharin ya sa burauzarka ta riƙa tura haruffan da ya canka tare da kukin shigarka, wato 'yar shaidar sirri da shafi ke gane ka da ita. In ya canka daidai, saƙon ya ɗan gajarce. A haka, harafi bayan harafi, har ya kwashe sirrin. Buhu ne a ɗaure, amma wanda ya ɗaga ya san nauyinsa.

Shi ya sa manhajar sirrantawa ta OpenSSL 1.1.0 ta fito a 2016 da matsewa a kashe, ƙa'idar sirranta sadarwar intanet ta TLS 1.3 kuma ta cire ta ɗungurungum a 2018. A shekarar ne harin VORACLE, mai kama da CRIME, ya taɓa OpenVPN, manhajar haɗa kwamfutoci a asirce, kuma har yau layin comp-lzo, mai kunna matsewa a cikinta, yana yawo a tsofaffin saitin da ake kwafowa daga intanet ba tare da an karanta ba.

Wace riba ma ake nema? Hotuna da bidiyo, waɗanda su ne ke lashe data, tuni a matse suke.

Inda maganar ke da sarƙaƙiya shi ne gzip, wato matsewar shafin intanet ɗin kansa, wanda harin BREACH na 2013 ya bi ta kansa, kuma sabunta OpenSSL ba ya taɓa shi. Nan ba na cewa a kashe duka. A matse fayilolin CSS da JavaScript, masu tsara kamanni da aikin shafi, babu sirri a cikinsu. Amma shafin da ke haɗa lambar sirri da abin da baƙo ya rubuta, kamar na biyan kuɗin makaranta, a raba shi da matsewa, ko da zai ƙara daƙiƙa guda kafin ya buɗe.