Makanikai, Ku Daina Yanke-Yanke a Jikin Tsofaffin Motocinmu

Na gaji da jin "ai wannan ba shi da amfani, Alhaji" daga bakin makanikai. Bakanike zai buɗe bonet ya ga abin da bai san aikinsa ba, maimakon ya ce bai sani ba, sai ya yanke hukunci nan take: wai don ƙasashen sanyi aka saka shi, a cire a yar. Da wannan maganar aka kashe tsofaffin motocin Japan masu rai da lafiya a garin nan, da ita kuma aka kwantar mini da tawa.

Motata Honda Prelude ce ƙirar 1994, mai ƙofa biyu, giyar hannu, 'yar Kwatano da ta fito daga Turai. Injinta H22A ne, lita 2.2, ƙarfin doki 185, mai VTEC. Ga wanda bai sani ba, VTEC dabara ce da Honda ta fito da ita a 1989. A cikin gari injin yana tafiya a natse yana tattalin mai, amma da allura ta haura zagaye 5,000 a minti, sai matsin baƙin mai ya tura wasu 'yan ƙusoshi su kulle hannayen bawul, bawul su riƙa buɗewa sosai, motar ta canza murya ta canza hali. Don wannan na saye ta. Na san ba motar kai yara makaranta ba ce, na san ta girmi wasu yaran garejin, na san kayanta sai an tona. Duk na sani kafin in biya kuɗin. Abin da ba zan lamunta ba shi ne a karɓi kuɗina a lalata mini abu, sannan a ɗora wa tsufa laifi.

Daga tamostat ɓarnar ta faro. Na kai motar a canza mini tiyon lagireto da ya tsage. Aikin ke nan, tiyo ɗaya. Aka canza, na biya, na tafi. Ba wanda ya gaya mini an kwance tamostat an jefar, an kuma haɗa fanka kai tsaye, da ka murɗa makulli ta hau juyi har sai ka kashe. Sai daga baya na lura ma'aunin zafi ba ya tashi da safe har in isa wurin aiki, mai yana tafiya ba ƙaƙƙautawa, VTEC kuma in an taka sai ya ƙi shiga. Da na koma na tambaya, ogan ya dube ni hankali kwance ya ce, "Alhaji, ai taimakonka muka yi. Zafin Kano ba ya son wannan abin."

Taimako! Tamostat ɗin wannan injin a digiri 78 yake fara buɗewa. Aikinsa ya tsare ruwa a cikin injin har ya ɗumama, sannan ya sake shi zuwa lagireto. Da tsakar rana a watan Afrilu a wangale yake, in dai lafiyayye ne babu ruwansa da tafasar mota. In mota tana tafasa, a duba lagireto ko ya toshe, a duba famfon ruwa, a duba murfi ko ya daina riƙe matsi, a duba fanka ko tana tashi a kan kari. Amma in aka cire shi, injin ba ya kaiwa zafin da aka tsara masa, balle da asubar hunturu, sai birenbos, wato kwamfutar motar, ya ɗauka har yanzu a sanyaye yake, ya ci gaba da ƙara masa fetur. Fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka na ƙasa. Birenbos kuma ba ya barin VTEC ya shiga sai ruwa ya ɗau zafi. Wato abin da ya sa motar ta zama mota, an kashe shi da sifana cikin 'yan mintuna. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, ta zo ta haura 1,000 a 2024, a irin wannan zamani wani ya ƙara mini shan mai, ya kuma tsaya yana jiran godiya.

Ruwan da suka cika lagireton da shi kuwa, daga jarkar mai garuwa aka tsiyayo. Injin nan gangarsa da kansa duk alminiyam ne. Ruwan rijiya yana cin alminiyam, yana tara dauɗa a siraran hanyoyin lagireto. Koren ruwan nan da ake sayarwa a galan maganin tsatsa ne, yana kuma jinkirta tafasa. Ko tambayata ba a yi ba ko zan saya.

Sai mai wayarin. Fitilar gargaɗin inji ta kama a dashbod, ya zo da na'urarsa yana ta laluben inda zai soka, da bai samu ba sai ya ce wai motar ba ta da kwamfuta. Tana da ita. Na'urarsa ta motocin baya-bayan nan ce, masu soket mai rami 16 wanda Amurka ta wajabta tun 1996. Tsofaffin Honda da bakinsu suke faɗin ciwonsu. Akwai wani ɗan soket mai rami biyu, ka haɗa ramukan da guntun waya, ka murɗa makulli, fitilar ta riƙa ƙiftawa kana ƙirgawa. Gajeriyar ƙiftawa shida, na'urar auna zafin ruwa ce. Doguwa biyu da gajera ɗaya, 21 ke nan, matsalar tana wajen makunnin VTEC. Ko sisi ba a kashewa. Shi me ya yi? Ya kwance allon ma'auni, ya zare ƙwan fitilar, ya mayar, ya ce ya gyara.

Haka ya so ya yi da rilen famfon mai, wato ɗan makunnin da ke ba famfon fetur wuta. Duk wanda ya riƙe Honda ta shekarun 1990 ya san wannan ciwon: ka ajiye mota a rana, ka dawo ta ƙi tashi, in ta huce ta tashi lafiya lau. Darmar cikin rilen ce ke tsattsagewa saboda zafi, kuma mai gyaran rediyo na bakin titi zai narka sabuwa a kai, magana ta ƙare. Shi kuwa har ya jawo waya daga makulli zai kai wa famfo kai tsaye, na riƙe hannunsa. An tsara abin ne yadda in injin ya mutu famfo zai tsaya. In aka haɗa kai tsaye, ranar da tsautsayi ya faɗa, tiyon mai ya fashe, famfo zai ci gaba da feso fetur a kan salansa mai zafi alhali mutum yana maƙale a ciki. Motoci nawa ke yawo a titunanmu da irin wannan haɗin, masu su ba su sani ba?

Babban baƙin cikin na silinda ne. Injin ya fara ƙona baƙin mai, abin da aka san H22A da shi in ya kwana biyu, balle wanda aka bari yana wanke kansa da fetur. Aka ce a canza ringi. Na gaya wa ogan da bakina, a gaban yaransa, cewa bangon silindar wannan injin ba baƙin ƙarfe ba ne. Honda ta yi shi da alminiyam da aka ƙarfafa da wasu zaruruwa na musamman, irin wanda ta saka a motocinta na gudu, S2000 da NSX mai lita 3.2. Siriri ne ƙwarai, yana da nasa dutsen guga da nasa awo, ba a kusantarsa da dutsen da ake goge silindar tifa. Ya ce, "Na ji, Alhaji, ka bar mini." Ina juya baya ya ɗora gangar injin a bayan A Daidaita Sahu, ya tura yaro wurin masu gogar silinda ba tare da ko kalma ɗaya ta bayani ba. Aka haɗa, motar ta fito tana tuttuɗa shuɗin hayaƙi fiye da yadda ta shiga. Na kai ta wani wurin aka sake kwancewa, na zura yatsa cikin silinda ta farko, na ji kaushi kamar sabon dutsen niƙa. Sababbin ringin da na saya da tsada sun riga sun fara cinyewa, gefensu har yana yankan hannu. Biyu daga ramukan ƙusoshin kan injin kuma zarensu ya tsinke, domin da bututu aka ƙara wa sifana tsawo aka danna da ƙarfin ƙato, a jikin alminiyam, a garejin da ba a taɓa ganin sifanar awo ba.

Da na koma masa da ringin a hannu, ko gezau. "Alhaji, injin nan dama ya gama. A samo na Accord a ɗora, ga shi nan ko'ina, ga arha." Gaskiya ne na Accord na wancan zamanin zai zauna a wurin. Amma ƙarfinsa ya gaza da doki 40 ko fiye, kuma in Accord nake so, ai ba a ɓoye take ba, da ita zan saya tun farko. Ka fasa wa mutum abu, sannan ka ba shi shawarar yadda zai rayu babu shi!

Neman wani injin kuma wani sabon tashin hankali ne. Na zaga Ƙofar Ruwa, na sa an duba mini Panteka a Kaduna, na buga waya Ladipo a Legas. H22A ya yi wuya a duniya ma, domin tun da daɗewa samarin Amurka da Turai ke farautarsa suna ɗorawa a Civic, ga dokar Amurka da ke barin a shigar da duk motar da ta cika shekara 25, wadda ta sa farashin tsofaffin motocin gudu na Japan da kayansu ya yi sama. Honda ta rufe ƙera tsohuwar Prelude tun 2001. Abin da ya rage sai a nemo daga Sharja ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ko Japan, da dala, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, ta zo ta haura 1,500 a farkon 2024. Wannan ba laifin ɗan kasuwa ba ne, ban kuma ce laifinsa ba ne. Laifin wasunsu shi ne ƙarya. Wani ya miƙo mini bel ɗin taimin na Accord yana rantsuwa duk ɗaya ne, alhali wancan injin sandar bawul ɗaya gare shi, nawa biyu, tsawon bel ɗin da yawan haƙoransa sun sha bamban. Wani ya ba ni kwali mai tambarin Honda, robar ciki kuwa farce ma yana karce ta. A wannan injin in bel ya tsinke ana tafiya, fistin ne zai daki bawul ya lanƙwasa su. In ka dawo da jabun kuma sai a nuna maka cewa kayan da ya fita shago ba ya dawowa.

Ni ba na ƙin a yi wa mota sauye-sauye. Masu wannan injin a ko'ina suna cire abin ɗaure bel mai aiki da mai, wanda aka san yana saki ba sallama, su saka na hannu daga wani injin Honda mai suna H23. Suna saka lagireto mai kauri. Wannan gyara ne da aka yi da tunani. A nan kuwa da ka ce a inganta maka mota, sai a ɗauko zarto. A yanke salansa don ta yi ƙara. A fasa tukunyar tace hayaƙi a kwashe abin da suke kira indomi, a ce wai yana shaƙe inji, alhali sayar da shi za a yi saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. A cusa roba a kan shokozoba a ɗaga mota don ta haye tuddan da kowace unguwa ke ginawa a titi yadda ta ga dama, tayoyi su riƙa cin gefe ɗaya. A ɗura man giya mai kauri irin na babbar mota a giyar da Honda ta ce a zuba mata mai tsinkakke, giya ta biyu ta fara gurnani da safe.

Na san inda abin ya samo asali. Sana'ar nan a kan Fijo 504 ta girma, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, mota mai kafireto da haƙuri, wadda ko me ka cire mata za ta kai ka gida. Akwai dattawan makanikai da nake girmamawa, waɗanda in ba su san abu ba za su ce maka kai tsaye ka kai gaba. Amma yau littafin gyaran Prelude, shafi bayan shafi da zane da awon kowace ƙusa, yana nan a intanet, kuma kowane yaron gareji da babbar waya a aljihunsa. Yaro zai shekara da shekaru yana wanke noti a fetur, ba a taɓa nuna masa mitar auna wuta ba, a yaye shi da walima, ya buɗe nasa garejin ya ci gaba da cire tamostat.

Na kai ƙara wurin shugabansu na yankin. Ya saurare ni tsaf, ya juya ringin a hannunsa, ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, ƙaddara ce." Na yi imani da ƙaddara, amma mutumin nan an gaya masa a gaban shaidu ya ce ya ji. Babu rasit, babu rubutu, babu wanda ke ɗaukar asarar kowa, kullum mai mota ne zai haɗiye. Wannan karon ban haɗiye ba. Na gaya musu ko dai ya biya rabin kuɗin gangar injin da zan yi oda, ko mu haɗu a gaban alƙali, kuma yaran da suka ji gargaɗina da kunnensu za a kira su. Duk wanda kuma zai sake ɗora sifana a kan motar nan, sai ya rubuta mini abin da zai kwance kafin ya fara, in ya gama ya damƙa mini tsohon kayan a hannuna.