Kirari ga wanda ba ku san ko wa ya kashe ba

Daren jiya a teburin mai shayin unguwarmu wani ƙanen abokina ya miƙo mini waya, bakinsa har kunne. "Yaya, dubi namijin duniya." Ɗan gajeren bidiyo ne baƙi da fari, an ɗora masa kiɗa mai tayar da tsikar jiki: wani Bature da farar hula a saman jirgin yaƙi mai nutso cikin teku, ana jera adadin jiragen da ya nutsar kamar ana lissafa ƙwallayen ɗan wasa. Samari huɗu suka rufu a kan wayar, wannan ya ce zaki, wancan ya ce a tura masa ya sa a WhatsApp. Na tambayi yaron sunan mutumin, ya yi ta in-ina. Na ce to su wa ke cikin jiragen da ya nutsar? Ya ce, "Ai yaƙi ne, Yaya." Har na koma gida shayin nan bai faɗa mini ba.

Ƙannena, tunda kun ɗauki gangar roƙo, bari in gaya muku wanda kuke yi wa kiɗan. Sunansa Günther Prien, kwamandan jirgin Jamus mai lamba U-47 a yaƙin Hitila. Ba na musun yana da ƙarfin hali, kada gobe wani ya ce na tauye shi. A daren 13 wayewar 14 ga Oktoba 1939 ya silale da jirginsa ta wata 'yar siririyar mashiga, tsakanin tsofaffin jiragen da aka nutsar don toshe hanya, ya shiga Scapa Flow, babbar matsugunar jiragen yaƙin Birtaniya a arewacin Sikotilan. Ya tarar da wani tsohon jirgin yaƙi, Royal Oak, a ɗaure, mutanensa na barci. Harbin farko ya taɓa goshin jirgin, na ciki suka zaci wani abu ne ya fashe a ɗakin ajiya, da yawa suka koma makwanci. Ya sake ɗura makamai ya harba, cikin mintuna 13 jirgin ya kife. Mutum sama da 830 suka mutu, kuma fiye da 100 daga cikinsu yara ne masu koyon aiki da ba su cika shekara 18 ba. Sa'o'in ƙannenku masu rubuta jarrabawar gama sakandare. Wasu wuta ta cinye su, wasu suka faɗa ruwan sanyi mai cike da baƙin mai a cikin duhu. Wannan ne kuka ɗora wa kiɗa.

Hitila ya aika jirgin samansa ya ɗauko su zuwa Balin, aka rataya wa Prien lambar girma, jaridu suka yi ta buga hotonsa, aka laƙaba masa Bajimin Scapa Flow saboda zanen bajimin sa mai huci da ke jikin jirginsa. Hotunan da kuke turawa juna, yawancinsu ma'aikatar farfagandar Jamus ce ta ɗauke su don ta ja yara su shiga aikin. Shekara tamanin da ɗoriya bayan nan, tarkon bai daina kamu ba, har ya iso teburin mai shayi. Kallon kitse kuke wa rogo.

Ga wanda ba a sa muku a bidiyon ba. Ranar 2 ga Yuli 1940 wannan bajimin naku ya harbi jirgin Arandora Star a yammacin Ailan, yana hanyar Kanada. Cikinsa maƙare yake da Italiyawa da Jamusawa da Birtaniya ta tsare saboda yaƙi, da yawansu masu shaguna ne da gidajen abinci, wasu dattawa. Mutum wajen 800 suka halaka, aka yi makonni teku na amayo gawawwaki a gaɓar Ailan da Sikotilan. Wato 'yan ƙasarsa da 'yan ƙasar da ke ƙawance da su ya nutsar. Bai san su wa ke ciki ba, ya hango jirgi ya harba. Ku ma haka kuke, kun hango farar hula kun saki kirari. Rashin sani ya fi dare duhu, amma ku naku da gangan ne, don wayar da kuke kallon bidiyon da ita za ta ba ku labarin nan kafin shayinku ya huce. Ina! Datar ta caca ce da leƙen hotunan 'yan mata, sai kuma zagin malamai da iyayen wasu. Wannan ma zancen wata rana ne.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda kuke lissafin rayuka. Ya nutsar da talatin, wancan ya nutsar da arba'in, wa ya fi? Kowane ɗaya cikin jiragen nan akwai mai dafa abinci, akwai mai zuba gawayi a tukunyar injin, akwai wanda matarsa ke ƙirga kwanakin dawowarsa. Kuma bakin da ke yi wa Prien kirari yau, shi ne na ji yana yaba wa ɗan bindigar daji wai yana da zuciya, shi ne ke tafa wa ɗan daba in ya zaro wuƙa. Zuciyar da ta saba jin daɗin kisa daga nesa, ranar da ya zo kusa ba za ta girgiza ba. Wani ma cewa ya yi yana son Hitila don ya gasa wa Turawan mulkin mallaka aya a hannu. Kai yaro, ka san me sojojin Jamus suka yi wa baƙaƙen sojojin Afirka ta Yamma da suka kama a Faransa a 1940? A Chasselay ware su aka yi daga fararen aka bindige. Da kai ne a wurin, layin da za a sa ka ke nan.

Shi bajimin fa, yaya ya ƙare? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ranar 7 ga Maris 1941, yana bin wani ayarin jirage a kudancin Aisilan, aka daina jin ɗuriyarsa, shi da mutum 44 da ke tare da shi. Yana da shekara 33. Babu gawa, babu kabari. Gwamnatin da ta yi masa kiɗa ta ɓoye labarin har ƙarshen Mayu. Cikin kusan mutum 40,000 da suka yi aiki a jiragen nan na nutso, wajen 30,000 ba su koma gida ba, uku cikin kowane huɗu. Kafin mutuwar ma wace rayuwa ce? Mutum arba'in da biyar a cikin bututun ƙarfe, ana karɓa-karɓar gado, makonni babu wanka, burodi ya yi fumfuna, ko'ina warin dizal da zufa. Kai da ba ka iya kwana ɗaya ba fanka.

Ku dai ji tsoron Allah, ku riƙa tambaya kafin yabo, iyaye ma su riƙa leƙa abin da yaran nan ke kallo. Da can maroƙi ma ba ya wasa mutum sai ya san asalinsa da aikinsa. Mun taso mun tarar da tsofaffin 'yan Bama, sojojinmu da aka kai yaƙi ƙasar Bama, waɗanda aka loda a jiragen ruwa a 1943 da 1944, suka ratsa tekun da irin waɗannan jirage ke farauta a ciki. Akwai ɗaya a layinmu, yana zama a kan buzu a ƙofar gida da carbinsa. Mu yara mu kewaye shi, "Baba tsoho, mutum nawa ka harbe?" Sai ya dube mu ya daɗe, ya ce mu je an kira salla. Har Allah ya karɓi abinsa ban taɓa jin ya faɗi adadi ba.

Da safen nan na duba WhatsApp ɗin yaron. Bidiyon na nan, har ya ƙara masa alamar wuta guda uku.